Kafin Fangali Ya Cika

A Ɗakasoye, bayan an kwashe shinkafa,
aikina gadin injin ban ruwa.
In tayar da shi, in karkata bututu,
in zauna jiran albasa ta sha ta ƙoshi.
Rabin noman rani zaman jira ne.

Mudansir, ɗan ƙanwata, ya zo hutu ya koma,
ya bar wani abu a aljihun rigar da ya ara:
ɗan dunƙule mai fuska shida,
fari, ja, shuɗi, kore,
ruwan goro, ruwan ɗorawa.
Na murɗa sau uku don in ga ikon Allah.
Shi ke nan, na ɓata kayan mutane.

Kwana goma sha ɗaya ina fama da fuska guda.
In na tara fari, ja ya watse,
kamar kiwon awaki a bakin gonar wani:
ka koro wannan, waccan ta faɗa.
Wata Laraba na sa tsinin wuƙa na ɓalle shi,
na jera 'ya'yan, na mayar kowa ɗakinsa.
Ya fito tsaf. Ba wanda ya gani.
Amma tuwon daren nan bai wuce mini ba,
na sake hargitsa shi kafin in kwanta.

Da na kira yaron, ya sha dariya,
ya karanto mini hanya, katinsa na ƙonewa.
Na rubuta a kwalin maganin feshi:
dama ta hau, sama ta juya,
dama ta sauka, sama ta koma.
Na yi ta tilawa, yatsu na ƙin ji,
yatsun da suka saba da ƙotar fartanya
an ce su koyi tafiyar kiyashi.

Ranar da ya fara haɗuwa da gaskiya,
fangali uku suka cika.
Na ɗaga shi sama, ba kowa a fadamar
sai balbela, ita ma ƙwari take nema.

Daga nan tsere ya tashi tsakanina da ruwa.
Fangali biyu. Ɗaya da rabi.
Ya yi tauri, na ɗiga masa man gyaɗa,
da safe na tarar tururuwa sun yi biki a ciki.
Barau tela ya ba ni man keke a murfin kwalba,
sai abin ya koma ƙas-ƙas-ƙas,
ya fi injin daɗin sauraro.

Minti biyu. Minti ɗaya da rabi.
Ranar da na sauko daƙiƙa hamsin da takwas
ban ga ruwa ya karya kunya ba,
ya bi ta cikin irin tumatirin Alhaji Sambo.
Ya faɗi abin da ya faɗa. Da gaskiyarsa.
Na biya da kwana biyu na dashe,
ina sunkuye, bakina yana motsi:
dama ta hau, sama ta juya.

Uwani ta ce, hannun da ya iya wannan
shekara guda ya kasa gyara ƙyauren ɗaki.
Ban ce komai ba. Ƙyauren yana nan.

Jiya Hajjo ta kawo mini fura,
shekararta tara, haƙoran gefe ba su gama fitowa ba.
Ta ce, Baba, ara mini.
Ashe duk daren da na yi barci
kwalin nan yana da wani ɗalibi.
Ta dube shi, ta juya, ta dube shi,
yatsunta suka tashi kamar jan baki daga gero.
Arba'in da ɗaya.

Na ce wayar ce ta yi kuskure.
Ta sake. Talatin da tara.

Yau ni ke riƙe da agogo,
ido ɗaya a kanta, ɗaya a kan ruwa.